Me ya hana a gyara dokar hukumar DSS, kuma daga ina ya kamata a fara?

Tambaya: Wani ɗalibin shari'a daga Zariya ya rubuto yana cewa: "Kullum sai mu ji kotu ta ce a saki wane, jami'an farin kaya sun ƙi saki, 'yan majalisa su yi ta kumfar baki, bayan kwana biyu a manta. Shin wace doka ce ta kafa DSS? Me ya hana a gyara ta? In kuma za a gyara, ta ina za a soma?"

Amsa: Malam, abu na farko da zai ba ka mamaki shi ne, dokar da ta kafa hukumar ba ta san sunan DSS ba. Sunan da ke rubuce shi ne SSS. DSS suna ne da hukumar ta laƙaba wa kanta, ya bi bakin mutane. Dokar kuwa ita ce Dokar Hukumomin Tsaron Ƙasa, wadda ta fito a 1986 a matsayin dokar soja mai lamba 19, yanzu tana babi na N74 a kundin dokokin tarayya na 2004. Ka nemo ta ka karanta. Kafin shayinka ya huce ka gama, domin 'yan shafuka ne kawai. Da waɗannan 'yan shafuka aka kafa hukumomi uku: SSS mai kula da cikin gida, NIA mai leƙen asirin ƙasashen waje, da DIA ta ɓangaren soja.

Ba za ka gane dalilin gajartarta ba sai ka san inda ta fito. A zamanin Turawa har bayan samun 'yancin kai, aikin leƙen asiri na cikin gida wani reshe ne na musamman a rundunar 'yan sanda, abin da iyayenmu ke kira 'yan sandan ciki. Da su Dimka suka kashe Janar Murtala ranar 13 ga Fabrairu 1976 ba tare da wannan reshe ya hango ba, sai gwamnatin Obasanjo ta kafa hukumar tsaron ƙasa ta NSO a cikin shekarar, ta damƙa ta a hannun Kanar Abdullahi Mohammed. Umaru Shinkafi ya riƙe ta a zamanin Shagari. A mulkin soja na Buhari, ƙarƙashin Lawal Rafindadi, ga kuma dokar soja mai lamba 2 ta 1984 da ta halatta tsare mutum ba tare da shari'a ba, sunan NSO ya zama abin tsorata manya da yara. Da Babangida ya karɓi mulki a Agustan 1985, ya buɗe wa 'yan jarida ɗakunan tsare mutane na NSO da ke titin Awolowo a Ikoyi, duniya ta ga waɗanda ke ciki, shi kansa Rafindadi aka tsare shi. Shekara na zagayowa aka rusa NSO, aka raba ta uku, Alhaji Isma'ila Gwarzo ya zama shugaban SSS na farko.

To amma lura da irin gyaran da aka yi. Damuwar Babangida ita ce kada ƙarfi ya taru a hannun mutum ɗaya da zai iya zame wa shugaban ƙasa barazana. Kare talaka daga hukumar bai shiga lissafi ba. Shaida kuwa, dokar soja mai lamba 2 ba a soke ta ba, da ita aka ci gaba da aiki har zamanin Abacha, sai a 1999 Janar Abdulsalami ya soke ta yana dab da sauka.

In ka buɗe sashe na 2 na dokar, ayyuka uku aka ba SSS: hanawa da gano duk laifin da ya shafi tsaron cikin gida, kare bayanan sirrin gwamnati waɗanda ba na soja ba, sai kuma duk wani aiki da ya shafi tsaron cikin gida wanda majalisa ko shugaban ƙasa suka ga ya dace. Ba a fayyace mene ne "tsaron cikin gida" ba. Mai shirya bam a Maiduguri da mai rubutu a Facebook yana zagin gwamna, babu inda dokar ta ja layi tsakaninsu. Babu maganar ikon kama mutum, ko tsawon lokacin da za a riƙe shi, ko sauraron wayarsa, ko inda wanda aka zalunta zai kai kuka. Duk wannan an bar wa sashe na 6, wanda ya ce shugaban ƙasa zai iya tsara fasalin hukumomin da yadda za su yi amfani da ikonsu ta hanyar takardar umarni da ya sa wa hannu, har ya ba jami'ansu ikon babban ɗan sanda. Takardar da SSS ke dogara da ita, Abdulsalami ne ya sa mata hannu a watan Mayun 1999, kwanaki kaɗan kafin ya miƙa mulki. Daga cikinta ne aka samo ikon kame da bincike da ɗaukar makami, da tantance waɗanda za a ba muƙami, da gadin manya. Ma'ana, ainihin ƙarfin hukumar yana cikin takardar da babu wani zaɓaɓɓen ɗan majalisa da ya taɓa muhawara a kanta.

Sai batun me ya hana a gyara. Akwai amsar da ke cikin littafi. Sashe na 315, ƙaramin sashe na 5 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kulle dokoki huɗu a cikin kundin: dokar NYSC, dokar Hukumar Karɓar Korafe-korafen Jama'a, dokar mallakar ƙasa, da wannan doka tamu. Ya ce ba za a taɓa su ba sai ta hanyar da sashe na 9 ya shimfiɗa domin gyara kundin kansa, wato kashi biyu bisa uku na dattawa, kashi biyu bisa uku na wakilai, sannan majalisun jihohi 24 daga cikin 36 su amince. Sojoji sun san abin da suka yi. Wasali ɗaya za ka canza a dokar, sai ka zagaya Nijeriya.

Wannan kullewa gaskiya ce, sai dai ni ina ganin rabinta uzuri ne. An gyara kundin nan sau da yawa tun 2010. An rage shekarun tsayawa takara a 2018, an ba jihohi damar shiga harkar wutar lantarki da jirgin ƙasa a 2023. Duk abin da masu mulki suke so, jihohi 24 ba sa gagararsu. Abin da ya sa wannan ya gagara shi ne, wanda ke da ƙarfin gyarawa shi ne mai riƙe da ƙotar wuƙar, wanda kuma ke ihun a gyara, da zarar ya hau kujera sai ya ga ashe wuƙar tana da amfani. PDP ta yi shekara 16 ba ta taɓa dokar ba. 'Yan adawar wancan lokaci sun yi ta kuka da hukumar, musamman da ta kai samame wani ofishin APC a Legas a 2014. Da suka karɓi mulki, su ma ba su taɓa ba.

In ka tambaye ni inda za a fara, ba zan fara da suna ko fasali ba. Da tsare mutane zan fara, domin a nan ne ciwon yake. Kanar Sambo Dasuki ya zauna a hannun hukumar daga Disambar 2015 zuwa jajiberin Kirsimetin 2019, alhali kotuna daban-daban sun ba da belinsa, kotun ECOWAS ma ta ce a 2016 tsarewar ta saɓa doka. Sheikh Ibrahim Zakzaky da matarsa, Mai shari'a Gabriel Kolawole ya ba da umarni a Disambar 2016 a sake su cikin kwana 45, ba a saki ba, sai a Yulin 2021 da babbar kotun Kaduna ta sallame su. Ɗan jarida kuma ɗan gwagwarmaya Omoyele Sowore kuwa, ranar 6 ga Disamba 2019 aka yi kokawar sake kama shi a harabar babbar kotun tarayya da ke Abuja, kwana ɗaya bayan an sake shi, har alƙaliya ta tashi daga zama. Ba ina wanke ko ɗaya daga cikin mutanen nan ba ne, kana iya ƙin kowannensu iyakar son ranka. Magana ita ce, alƙali ya yi hukunci, jami'in gwamnati ya ce a'a, kuma babu abin da ya same shi. Waɗannan ma manya ne masu manyan lauyoyi da 'yan jarida a bayansu. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da aka ɗauke saboda lambarsa ta fito a wayar wani, iyalansa sukan yi makonni ba su ma san hukumar da za su tambaya ba.

Kada ka ɗauka doka ce babu. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Sashe na 287 ya wajabta wa kowace hukuma bin hukuncin kotu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ce majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda duk wata, alƙalan babbar kotu kuma su ziyarci wuraren tsare mutane na sauran hukumomin tarayya. Akwai dokar hana azabtarwa ta 2017. A takarda, lafiya lau. Matsalar tana wurin aiwatarwa, kuma ramukan guda biyu ne da duk lauyan da ya yi irin wannan shari'a ya sani. Na ɗaya, in ka kai ƙarar raina kotu, alƙali ya ce a ɗaure shugaban hukuma, wa zai je ya kamo shi? Ɗan sandan da shi ma uban gidansu ɗaya? Na biyu, in kotu ta ba ka diyya, ba ka isa ka taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati ba sai da amincewar Antoni Janar, kamar yadda sashe na 84 na dokar aiwatar da hukuncin kotu ya tanada. Wato sai ka je ka roƙi lauyan wanda ka kayar ya ba ka izinin karɓar haƙƙinka. Muddin diyyar ma daga baitulmali za ta fito, jami'in da ya yi ɓarnar ko a jikinsa. An bar jaki ana dukan taiki.

Don haka gyaran da zai yi aiki shi ne wanda zai sa ƙin bin umarnin kotu ya zama laifi a wuyan mutum da sunansa: wanda ya riƙe makullin, da wanda ya ba shi umarni. A ce bayan wa'adi kaza da isar da takardar kotu, jami'in ya rasa muƙaminsa, a kuma iya bin albashinsa da fanshonsa. Wannan ba ya buƙatar jihohi 24, doka ce ta yau da kullum da majalisar tarayya za ta iya yi.

Daga nan sai tambaya mai wuya, wadda masana suka rabu a kanta: shin ya ma kamata hukumar leƙen asiri ta riƙa kama mutane? A Ingila, hukumar leƙen asirin cikin gida ta MI5 ba ta da ikon kame. Tana tattara bayanai, in lokacin kamu ya yi sai ta kira 'yan sanda. Jamusawa, saboda abin da suka gani a hannun Gestapo, 'yan sandan sirrin Hitler, sun raba leƙen asiri da aikin ɗan sanda tun bayan yaƙin duniya na biyu. Kanada ta koyi nata darasin ne bayan an gano cewa jami'an sirrin 'yan sandanta sun riƙa fasa ofisoshi, har suka ƙona wani rumbu a Kwibek a 1972. Bayan binciken hukumar McDonald sai suka kafa sabuwar hukumar farar hula a 1984, ba tare da ikon kame ba. Hikimar a fili take. Wanda ke aiki a ɓoye, in ka haɗa masa da ikon kamu da ɗakin tsarewa da ikon gurfanarwa, ka ba shi wuƙa da nama, kuma babu mai ganin abin da yake yanka.

Sai dai zan yi wa hukumar adalci a nan, domin masu kare ta suna da hujja mai nauyi. Kabiru Sokoto, wanda aka kama kan harin cocin Madalla na Kirsimetin 2011, daga hannun 'yan sanda ya tsere a Janairun 2012. Jami'an SSS ne suka sake cafko shi a Mutum Biyu ta jihar Taraba bayan 'yan makonni, aka yi masa ɗaurin rai da rai a 2013. Duk wanda ya ce a karɓe ikon kame daga farin kaya a ba 'yan sandanmu yadda suke a yau, to ya shirya amsa tambayar iyalan Madalla. Ra'ayina shi ne a bar musu kamu a laifuffuka ƙididdigaggu da doka za ta jera da sunayensu: ta'addanci, leƙen asiri domin wata ƙasa, zagon ƙasa ga kadarorin ƙasa, yunƙurin kifar da gwamnati da makami. Abin da za a karɓe shi ne riƙo. Wanda ya kama kada ya zama shi ne mai ajiya. Dokar yaƙi da ta'addanci ta 2022 ta ba kotu damar amincewa a riƙe mutum kwana 60, ana iya sabuntawa, kuma ana neman izinin ne ba tare da wanda ake tsare da shi yana wurin ba. To ko da za a bar waɗannan kwanaki, a ce sabuntawa ba ta yiwuwa sai an kawo mutumin gaban alƙali da lauyansa, sunansa ya shiga rajistar da kotu ke gani tun daren farko, kuma da zarar an gurfanar da shi ya koma hannun hukumar gidajen gyaran hali. Da akwai wannan ƙa'ida a fili, da ba a ga abin kunyar Yulin 2023 ba, ranar da jami'an farin kaya da na gidan yari suka ba hammata iska a kotun Ikoyi kan wa zai tafi da dakataccen gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele.

Sauraron waya ba zan daɗe a kansa ba, ko da yake nan gaba shi zai fi komai girma. Sashe na 37 na kundin ya kare sirrin wayarka da wasiƙunka. Amma ƙa'idar da ke tsara yadda hukumomi ke kutse cikinsu, hukumar sadarwa ta NCC ce ta fitar da ita a 2019. Haƙƙin da kundin tsarin mulki ya bayar bai kamata a rage shi da ƙa'idar wata hukuma ba, majalisa ce za ta zauna ta yi doka. Kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu ta rusa wasu sassan dokarsu ta kutse a 2021 a ƙarar da 'yan jaridar amaBhungane suka shigar, ɗaya daga cikin dalilan shi ne ba a taɓa sanar da wanda aka saurara ko bayan an gama bincike, balle ya ƙalubalanta. Mu ko muhawarar ba mu soma ba.

Sai sa ido. A yau shugaban ƙasa shi kaɗai yake naɗa babban daraktan hukumar, ba ya buƙatar majalisar dattawa, babu wa'adi a dokar, yana iya cire shi da sanarwar layi biyu. Mun ga haka ranar 7 ga Agusta 2018, da jami'ai rufe da fuska suka tare ƙofar majalisar tarayya, kafin yamma Muƙaddashin Shugaba Osinbajo ya sallami shugaban hukumar, Lawal Daura. Mutane sun yi ta tafi, ni ma na yi. Amma ka duba da kyau, ba wata doka ce ta yi aiki a ranar ba, sa'a aka yi mai kujerar ranar ya ga abin bai dace ba. Ko babban sufeton 'yan sanda, dokar 2020 ta yanka masa wa'adin shekara huɗu. Akwai kwamitocin tsaro da leƙen asiri a majalisun biyu, sai dai dokokin zaman majalisa ne suka kafa su, ba su da wata doka da ta ba su haƙƙin ganin takardun sirri. Ingila ta kafa nata kwamitin da doka a 1994, Amurka ta kafa nata bayan binciken kwamitin Sanata Church na 1975. Maƙwabciyarmu Ghana ta yi dokar hukumominta na tsaro a gaban majalisa tun 1996, ta sake ta a 2020.

Amma kada mu ruɗi kanmu da kwafo tsarin wasu. Afirka ta Kudu tun 1994 dokarta ta tanadi kwamitin majalisa da babban sufeto mai sa ido kan leƙen asiri, tsarin da ake buga misali da shi a nahiyar nan. Duk da haka kwamitin Sydney Mufamadi da Ramaphosa ya kafa a 2018 ya gano an mayar da hukumar leƙen asirin ƙasar kayan aikin rikicin cikin jam'iyya a zamanin Zuma. Masu sa idon suna nan, aka zagaye su. Darasin da na ɗauka daga nan shi ne, mai sa ido in albashinsa da izinin shigarsa ofis suna hannun wanda yake sa wa ido, to ɗan kallo ne. Kuma sirri ya fi ɓoye kuɗi fiye da komai. Ka tuna dala miliyan 43 da EFCC ta samu a wani bene a Ikoyi a Afrilun 2017, NIA ta ce nata ne na aikin sirri, abin da ya ci kujerar shugabanta Ayo Oke. Da mai binciken kuɗi na tarayya yana da wani sashe da aka rantsar kan sirri yana duba littattafansu, da wuya kuɗi irin wannan su kwana a gidan zama.

Akwai ɓangaren da masu rajin kare haƙƙi kan manta, mu 'yan Arewa kuwa bai kamata mu manta ba. Gyaran doka ba ɗaure hannun hukuma kaɗai ba ne, har da tambayar me aka yi da abin da ta gano. Bayan fasa gidan yarin Kuje a Yulin 2022, Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Idris Wase, ya faɗa a zauren majalisa cewa hukumar ta aika rahotanni 44 na gargaɗi kafin harin. Doka ba ta ce komai ba kan jami'in da aka kai wa gargaɗi ya sa a aljihun tebur. Mutumin Zurmi ko Birnin Gwari ba ruwansa da ko DSS ne sunan ko SSS. Abin da yake tambaya shi ne yaya 'yan bindiga ke tafiya a kan babura da rana tsaka, suna waya suna cinikin kuɗin fansa, alhali jami'an da aka horar domin gano su da yawa suna tsaye a bayan 'yan siyasa a wurin ɗaurin aure. Jera laifuffukan da na ambata a baya zai taimaka ta nan ma, domin hukumar da aka hana bin 'yan jarida da masu zanga-zanga za ta sami lokacin bin waɗanda aka kafa ta dominsu.

Tunda ɗalibin shari'a ne kai, ga inda zan so ka zurfafa. Kullewar sashe na 315 ta shafi dokar 1986 ce, ba ta shafi takardar umarnin 1999 ba. Shugaban ƙasa ne ya sa mata hannu a ƙarƙashin sashe na 6, shugaban ƙasa na yau kuma yana iya soke ta ya rubuta wata gobe da safe, ya taƙaita laifuffukan, ya sa rajistar waɗanda ake tsare da su, ya wajabta rahoton shekara ga majalisa, ba tare da ya nemi ƙuri'ar kowa ba. Rauninta shi ne wanda ya gaje shi zai iya warwarewa da alƙalami guda, shi ya sa a ƙarshe dole a je ga jihohi 24 ɗin. Ka sami kwafin takardar, ka ajiye ta gefen sashe na 35 da na 37 na kundin, ka bi ta sakin layi bayan sakin layi kana tambayar wane iko ne a ciki sashe na 6 ya halatta bayarwa, wane ne kuma ya wuce gona da iri. In ka gama, turo mini abin da ka samu mu duba tare.